Ni Na Nuna Wa Goggo Kwandon Shara

Assalamu alaikum Anti, da masu bin wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma mai zagi ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

Duk gidanmu an yarda cewa Goggo ta rikice, wai tsufa ya taɓa mata kai. Ƙarya ne. Kanta ya fi nawa lafiya. Ni ce na yi mata wannan aiki.

Goggo yayar babana ce, tare muke zaune a Rijiyar Lemo. Tana da rumfar turaren wuta da humra a Kasuwar Sabon Gari tun ban zo duniya ba, kuma tunda na gama sakandare ni ke taya ta zama. Ba ta iya karatun boko ba, idonta ma ya yi rauni, amma ɗanta Yaya Bukar da ke aiki a Legas ya saya mata babbar waya don ta riƙa tura saƙon murya. A manhajar, idan ka gama magana maɓallai biyu ne ke fitowa: kibiya ta turawa, da kwandon shara na gogewa. Ita ba ta gane zanen, wurin kawai ta haddace.

To ranar nan manhajar ta sabunta kanta, maɓallan suka canza wuri. Muna rumfa ina tankaɗe garin sandal, ita kuwa tana yi wa Yaya Bukar saƙo, a gabana, kamar ni buhu ce. "Bukar, yarinyar nan ta fi ƙarfina. Kullum tana layin masu waya tana wage baki da maza. Ka yi wa ubanta magana." Wallahi caja na je saya. Ta gama ta miƙo min wayar, ta ce, "Ke, abin ya gudu. Wanne zan danna?"

Na nuna mata kwandon.

Ta ce, "Wannan mai kama da bokiti?" Na ce, "Eh Goggo, a ciki ake zuba maganar a kai masa." Har da ɗauko jan farcena na ɗiga mata ɗigo a kan gilashin, daidai wurin, don kada ta ɓata. Ta ce Allah ya yi min albarka. Ban ji komai ba, dariya ma na ƙunshe.

Niyyata kwana biyu in gyara. Amma me zan ce, na ji daɗin shirun. Ba mai kira ya yi min faɗa. Ina zaune tana zuba ƙarata, ta danna jan ɗigon, ta ajiye waya tana jiran a hukunta ni. Sai na bar shi.

Ana haka mijin ƙanwarta Inna Falmata ya rasu a Maiduguri. Ciwon ƙafa ya hana Goggo tafiya, sai ta zauna a kan darduma ta yi mata ta'aziyya mai tsawo, tana kuka, tana tuno ƙuruciyarsu, rabi da Hausa rabi da Barbarci. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na ga yatsanta ya nufi ɗigon. Me ya hana ni cewa tsaya? Da na ce, ai sai ta tambayi dalili. Ina kallo ta danna.

Bayan sadakar bakwai Inna Falmata ta kira babana tana cewa ko bare ya yi mata gaisuwa, amma 'yar'uwarta ciki ɗaya ko uffan. Goggo ta rantse da Allah ta tura. Masu sayen humrarta ma suka fara ƙorafin ba ta amsa musu. Da na ji Yaya Bukar zai zo, na faki idonta na kankare ɗigon da reza.

Ya zo ya duba wayar a gaban kowa, ba saƙo ko ɗaya. Goggo ta ce, "Ga jan nan da nake dannawa." Ta juya wayar, ta goga da bakin mayafi, ba ja. Ya ce, "Wane ja, Inna?" Ta juyo gare ni. "'Yar nan, ba ke kika sa min ba? Faɗa musu."

Na ce, "Ni? Goggo, yaushe?"

Anti, da kin ga fuskarta. Ba ta yi faɗa ba, matar da ke tsayar da layi guda da masifa. Ta dai kalli yatsanta.

Yanzu an hana ta zuwa kasuwa, wai kada ta ɓata a hanya. Mukullin rumfa yana hannuna, har ana yaba min da haƙuri da tsohuwa. Ita kuma ta fara yarda da su. Jiya ta idar da sallar la'asar ta tambaye ni, "Na yi, ko ban yi ba?" Ranar Asabar Yaya Bukar zai kai ta asibitin masu taɓin hankali a duba ta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu ina jin haushin abin da ta faɗa a kaina, kuma rumfar ta yi min daɗi. Amma abin da na yi mata ya tsaya min a rai.

Na yanke shawarar gobe zan shiga ɗakinta in faɗa mata gaskiya, ita kaɗai. Babana da Yaya Bukar kam ba zan iya ba. Kuma na san dalilin da ya sa na zaɓe ta: ko ta fito tsakar gida ta faɗa, yanzu wa zai yarda da ita?

Asabar ta kusa. Don Allah, me zan yi?