Kujerar Bakin Taga

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya kewar gida? Umma na gaishe ki, ta ce ki daina zama da yunwa. Littattafan soyayyar da kika aiko na cinye uku, na huɗun yana ɓoye a ƙarƙashin teburina.

Yaya, abu ya same ni. Kin san gidan ɗinkin kayan makarantar da nake zuwa tun da muka gama jarabawa. Anti Doguwa mai duba ɗinki ta tafi haihuwa, sai Hajiya mai wurin ta ce ni zan riƙe teburinta na bakin taga, wai ko silin zare ba ya wuce idona. Ni da ko gaisuwa sai na bita a raina sau uku kafin ta fito. Aikin shi ne in juya kowace riga in duba cikinta. In akwai gyara ba a magana, jan zare ake soka wa a wurin, a mayar wa mai ita a kan kekenta. Mata tara ne, kuma kowacce ta girme ni.

A littafi, shugaba kan shigo da ƙamshin turare kowa ya miƙe tsaye. Ni ranar farko ina shiga aka aike ni sayo ruwan sanyi, kuma na je. Ki saka ni a addu'a.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, da fatan murar da kika ce ta sake ki. Mu lafiya lau, zuciyata ce kawai ba lafiya.

Akwai Inna, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin. Ita ta koya mini taka keke, ita ke raba abincinta biyu in na manta nawa. Kekenta yana can lungu, inda ta zauna shekara ashirin. Sai na ga wandunan da take ɗinkawa, masu duhun nan, suna zuwa da kalmasa a karkace. Na ɗauki jan zare, hannuna ya ƙi. Ga shi Hajiya ta ce makarantu sun kusa komawa, duk wadda aikinta ke yawan dawowa za ta huta a gida. Don haka in an fita cin abinci sai in farke ɗinkin Inna in sake shi. Sati biyu ina yi, har ina jin kaina kamar yarinyar littafi mai sadaukarwa a ɓoye.

Yau ta dawo ɗaukar mayafinta ta same ni. Ta karɓi wandon, ta shafa ɗinkin da yatsa, ta gane ba hannunta ba ne. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "'Yata, da kin soka mini jan zaren, da na san har yanzu ni tela ce a idonki."

Da aka tashi ta naɗe almakashinta a zani ta tafi da shi. Yaya, Inna ba ta taɓa kai almakashinta gida ba. Ina tsoron tausayina ne ya kore ta.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, wasiƙarki ta iso. Kin ce in daina kuka in buɗe ido, to na buɗe.

Kwana biyu Inna ba ta zo ba. Na kwaso duk aikinta na baya na duba, sai na ga fararen rigunanta ba su da aibi ko ɗaya, layi kamar an ja da rula. Baƙin zare a kan yadi mai duhu, a lungu mai duhu, shi ne idonta ya daina gani.

Na shiga ofishin Hajiya. Duk jawabin da na haddace ya gudu, sai na faɗi gaskiya tsirararta: abin da na ɓoye, da abin da na gano. Na roƙi a ba Inna fararen riguna da gurbina na bakin taga. Hajiya ta wanke ni tas, ta ce mai duba aiki da ke ɓoye gyara ta fi mai karkataccen ɗinki ɓarna. Sannan ta amince, ta ce in je in dawo da Inna da kaina.

Na je gidanta na durƙusa na ba ta haƙuri, na kuma gaya mata ba kwana-kwana cewa idonta na son asibiti. Da na ce bakin taga ya zama nata, sai ta tambaya ko tagar nan har yanzu tana shigo da ƙarar injin niƙa. Washegari ta zo da almakashinta. Matan nan da ke aike na, su suka kama kekenta muka jawo shi haske.

Jiya na sami wuyan wata rigarta ya ɗan tattare. Na soka jan zare, na taka tsakiyar ɗaki kowa na kallo, na ajiye mata. Ta ɗaga rigar a taga ta duba sosai, ta harare ni, sannan ta ce, "To, ranki ya daɗe, an gani." Ta ɗauki reza tana farkewa tana murmushi.

Yanzu ni ce a lungu, sai dai in kai kayan bakin ƙofa in duba. Duhun ya hana ni satar karatu, littafi na huɗu yana nan a shafi na arba'in, saurayin bai ko furta ba tukuna. Kada ki gaya mini ƙarshensa.

Ki gaida abokan karatunki.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta