Katunan Dogo Na Gudu, Nawa Na Tsaye

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in ɓata abotar da ta fi shekara goma. Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ne, mu shida ne a ɗaki ɗaya. Bana manaja ya kawo sabon tsari: a yanka aiki ƙanana, a rubuta kowanne a kati a manna a allo, kati ya riƙa tafiya daga layin "za a yi" zuwa "ana yi" zuwa "an gama". Kullum da safe mu tsaya cirko-cirko, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da inda ya maƙale. Duk bayan mako biyu kuma masu aikin su zo a nuna musu abin da aka gama.

Tsarin ba laifi, ni ne dai ya zame wa ciwo. Abokina Dogo, wanda ni na kawo shi kamfanin nan, shi ke yin fuskar manhajar, maɓallai da launuka da duk abin da ido ke gani. Ni kuwa ina can ciki inda bayanai ke shiga su fita, aikin da ba a tunawa da shi sai ya lalace. Katunan Dogo gudu suke kamar ana korarsu. Nawa guda ɗaya ne ƙato, ya daɗe a "ana yi" har gam ɗinsa ya saki, sai da na liƙa masa salatif. Ranar nuni Dogo ya danna maɓalli, hoto ya juya, baƙi suka hau tafi, wata har da tambayar ko shi ne shugabanmu. Ni da na haɗa abin da maɓallin ke kira, ina baya riƙe da wayar majigi.

Wallahi Anti kishi nake, ba zan ɓoye ba. Dariyarsa ma yanzu haushi take ba ni. Matata ta ce ko a gida aka ambaci Dogo sai in hau tsaki kamar tsaka. Abin da ya fi damuna, na kwana biyu a maƙale a wani wuri da na san ya iya, amma duk safiya sai in ce komai lafiya, don kada a ce shi ya fitar da ni. Jiya ya jawo kujera ya ce mu duba tare, na ce ya je ya ci gaba da fentinsa. Yau kuwa bai jira ni mun fita cin abinci ba. In nemi a canja mini ƙungiya ne, ko yaya zan yi?

Na Bayan Fage

Ƙanena, ɓacin ranka yana da dalili, sai dai ka sauke shi a kan wanda bai ci maka ba. Gaskiya ne nunin mako biyu yakan fifita abin da ido ke gani, kuma ba daɗi mutum ya yi gumi a tafa wa wani. Irin tsarin nan naku yana da zaman bita a ƙarshen kowane zango, can za ka kai wannan kuka. Ka nemi a ba aikin ciki ɗan lokaci a nuni, ko da nuna yadda shafin da ke jan ƙafa a da yanzu yake buɗewa nan take. Ƙaton katin kuwa, ba Dogo ne ya hana ka yanka shi ba. Ina zargin so kake a ga girmansa.

Amma cewa komai lafiya alhali kana maƙale, wannan ya wuce kishi, cutar da mutum biyar ne da suka tsara aikinsu bisa maganarka. Canja ƙungiya ma ba magani ba ne, can ma akwai wanda za a tafa wa.

Dogo bai ƙwace maka komai ba. Taimako ya zo yi, ka kore shi da baƙar magana. Gobe ka same shi ka ba shi haƙuri, ba cikin wasa ba. In an tsaya taron safe kuma, ka faɗa a gaban kowa cewa ka maƙale, kuma shi kake so ya taya ka. Na san zai yi maka nauyi a baki, amma kada ka sa ran zai yi ta jawo kujerar nan har abada. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya daidaita tsakaninku.