Ƙafata a Bokitin Ruwan Gishiri

Alhamis, 3 ga Maris, 1911, Kazan
Yau ma zuciyar ta yi min. Ta ɗan tsaya, sai ta buga da ƙarfi kamar an banko ƙofa. Haka mijina ya fara, ya rasu bai ga narkewar ƙanƙara ba. Na goge kayan da za a binne ni da su, na ƙulle. Mace mai hankali ba ta barin mutane da ɗawainiya.

Lahadi, 6 ga Maris
Serafima ta ga ƙullin. Ta cafke min wuyan hannu tana duban agogo, ko izini babu. 'Yar da na haifa, don dai ta karanta likitanci. Wai a wurin aikinsu an kawo na'ura mai zana bugun zuciya a takarda, sai dai mutum ya tsoma hannu biyu da ƙafar hagu a ruwan gishiri. Na ce shekarata hamsin da takwas, ba namijin da zai ga ƙafata ba safa, ballantana cikin babban azumin coci.

Laraba, 9 ga Maris
Ba ta ƙara maganar ba. Miyar kabeji ma ba ta taɓa ba. Taurin kan ubanta.

Talata, 15 ga Maris
Na je. Don ta ci abinci ne kawai. Likitan, Arkadi Lukich, ya juya fuska bango har na rufe ƙafar da mayafi; da alama uwarsa ta yi tarbiyya. An ce kar in motsa. Ana farawa ƙararrawar coci ta kaɗa, na zaro hannu na yi alamar gicciye, zanen ya lalace. Aka sake, ta sake kaɗawa, na sake.
Serafima ta ce, "Mama, Allah ya san kina nan. Ki bar hannun a ruwa."
Na ce a gida za mu yi wannan maganar. Amma na bar shi.

Laraba, 16 ga Maris
Sai an wanke takardar kamar hoto. Jira.

Juma'a, 18 ga Maris
Serafima ta shimfiɗa takardar a tebur, duk tsaunuka ƙanana a jere. Ta nuna ɗaya da ya yi zumuɗi ya riga 'yan uwansa, shi ya sa na baya yake jinkiri. Zuciyar ba tsayawa take ba.
"Wannan ba ciwon Baba ba ne. Ki rage shayi, kofi goma sha biyu a rana ya yi yawa."
Na ce tara ne. Ta yi dariya, sai kuma ta kifa kai a tebur tana kuka. Na ce ta zauna daidai.

Asabar, 23 ga Afrilu
Shayi kofi biyar yanzu. Zuciyar tana yi min jefi-jefi, nakan ce mata ta natsu. Na karɓo dashen itacen tuffa biyu wajen maƙwabciyata Glafira. Ta ce, "Ke tsohuwa, sai fa sun shekara biyar kafin su yi 'ya'ya." Na ce na sani, ta ara min shebur.