Hoton Kyauta a Ƙofar Gidan Gumaka

Lahadi, 4 ga Nuwamba, 2018

Shekara shida ke nan rabona da Gusau. Na rubuta don in tuna wa kaina dalilin zaman, saboda yau ya nemi ya kuɓuce mini.

Ina cikin mota a ƙofar makaranta a unguwar Naseem, nan Riyadh, ina jiran 'ya'yan kafil, wato maigidan da nake yi wa tuƙi, waya ta hau ƙara. Rukunin danginmu ne na WhatsApp. Kyauta, 'yata ta fari, ta zubo hotuna daga Chiang Mai, garin nan na Tailan da ta samu gurbin karatun lafiyar al'umma. Can magariba ta yi, nan ko la'asar ba a kira ba. Tsohuwar ganuwa ta jan bulo. Titi an hana motoci, rumfuna iya ganinka, fitilun takarda a rataye. Ga ta da wata mai hijabi suna cin wani abu a ganyen ayaba, suna dariya.

Sai na ƙarshe. Takalmanta a ƙasan matakala, ita a sama kusa da wani ginshiƙi, ta haɗa tafin hannu a ƙirji, ta sunkuyar da kai. Gabanta, can ciki, ƙaton gunki na zinariya a zaune.

Na rasa yadda na kawo yaran gida.

Litinin, 5 ga Nuwamba

Yaya Nu'uman ya turo saƙon murya, a rukuni, kowa ya ji. Wai ya faɗa tun farko kada a tura mace ƙasar masu gumaka, aka ƙi ji. "Isiyaku, kai ne ubanta. Ka ce ta tattaro ta dawo kafin Juma'a ta sama, ko ka cire sunana daga lamarinta."

Ba zan zage shi ba. Shi ya riƙe gidana duk shekarun nan, shi ya kai ta jarrabawa a babur cikin ruwan sama. Amma a rukuni, Yaya? Har surukai?

Ita kuma. Ina wanke motar wani tun asuba, ina jin "ya Ishaƙ, sur'a, sur'a", wato maza-maza, daga bakin yaron da na isa in yi jika da shi, don ta zama wani abu. Ita tana yawon kallon fitilu. Ko izini ba ta nema ba.

Talata, 6 ga Nuwamba

Ta kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Matata Safiyatu ta kira tana kuka, wai mata sun fara zuwa yi mata jaje kamar an yi rasuwa. Ta ce, "Malam, ka saurari yarinyar nan tukun." Na ce me zan saurara, ido ne ya gani.

Madam, matar kafil, ta ci gaba da koyon tuƙi. Yau ta hau kan tubalin gefen titi. Idan ta iya, ina jin iƙamata, takardar izinin zamana a nan, ba za ta ga wata shekarar ba. Na shiga kasuwar Batha na tambayi kuɗin jirgi daga Chiang Mai zuwa Kano. Zai cinye kusan duk abin da na ajiye.

Alhamis, 8 ga Nuwamba

Kyauta ta sake kira, na ɗauka. Na yi niyyar in ce kalma biyu, ki dawo.

Ta riga ni. "Baba, don Allah ka buɗe hoton da na turo maka yanzu."

Wuri ɗaya, amma daga gefe. Bayan ginshiƙin nan akwai wata tsohuwa, gajeriya, ba ta kai kafaɗar Kyauta ba, ita ma ta haɗa hannu. Wai mai gidan da take haya ce, wadda ta yi jinyarta lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita. (Zazzaɓi? Ba wanda ya gaya mini.) Sun ci karo da ita ta fito daga ibadarta, shi ne ta hau ta gaishe ta. Haka suke gaisuwa, ƙarami ya fi sunkuyawa. Takalmi kuwa kowa cirewa yake a matakalar.

Na ce to me ya kai ki wurin tun farko? Ta ce kasuwar daren ce ta ratsa ta harabar, masu abinci ma a ciki suke kafa tebur, ba yadda za ka bi titin ba ka wuce irin gidajen nan ba, sun fi masallatan unguwarmu yawa. Sun yi magariba a masallaci kafin su fito, ita da Hajar, 'yar garin ce Musulma.

"Wata tara ina ɗaki da asibiti, Baba. Ranar ce kaɗai na fita."

Na ce zan yi tunani. Na kashe. Har yanzu raina a ɓace yake, ban san da wa ba.

Juma'a, 9 ga Nuwamba

Bayan masallaci na nuna wa Harouna hotunan biyu. Mutumin Maradi ne, mai ba shukokin gidan kafil ruwa, ya riga ni zuwa. Ya duba, ya duba, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ƙum! Ƙum! Haram!" in ji shi, wato tashi, tashi, yana kwaikwayon muryar tsoho.

Na so in mare shi. Makon farko da na zo, aka kai ni gaida mahaifin kafil a majalisa. Na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya mini gaida babba. Tsohon ya zabura da sandarsa, wai ina yi wa mutum sujada, wai wane irin Musulunci ake yi a ƙasarmu. Wata da watanni yaran gidan suna zubewa a gabana idan na wuce. Ranar ban ci abinci ba. Abin da ya fi ƙona ni, ba wanda ya tambaye ni me nake nufi.

Harouna ya ce, "Kai aƙalla tsohon a gabanka ya yi ihu."

Mutumin banza.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Ban ce daidai ta yi ba. Da ta jira tsohuwar ta sauko. Kuma ba komai ake zubawa a rukuni ba.

Talata, 13 ga Nuwamba

Na kira Yaya, shi kaɗai. Na tura masa hoto na biyu, na ba shi labarin majalisa, wanda ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Ya ce wannan daban, wancan daban. Wataƙila. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, za ta ƙarasa." Sannan ya ce, "Kai ka sani." Da yamma na ga ya fita daga rukunin.

Wannan zai ɗauki lokaci. Ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

Juma'a, 16 ga Nuwamba

Jiya Kyauta ta tambaye ni, "Baba, ku me ake kallo a Riyadh?" Na ce danja da bayan motar gaba. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Yau bayan la'asar na sauka Dira, tsohuwar unguwar tsakiyar gari, don kawai ina neman silifa. Ganuwar Masmak ta laka ce ashe, irin tamu, na wuce ta sau ba adadi ban taɓa ɗaga kai ba. Da aka kunna fitilu ta yi ja. A kasuwar baya ana gwanjon tsofaffin butocin gahawa, wani dattijo yana ihu kamar dillalin shanu a Talata Mafara. Harouna ya ɗauke ni hoto, ya yanke mini rabin hula. Na tura mata, ita kaɗai. Ta ce na rame.

Abin cikin ganyen ayaban nan, wai shinkafa ce mai danƙo da mangwaro. Shinkafa da mangwaro! Allah ya kyauta.

Ban sayi silifan ba. Kuɗin ajiyata da ke cikin akwati: riyal dubu huɗu da ɗari uku. Ba a taɓa ba.