Baba ya ɓata a falonsa

Yaya Sairusi,

Na wuce kasuwar Labasa, ba zan iya jiran dawowarka daga gonar rake ba.

Da safe na tarar da Baba tsaye a tsakiyar falo, hannu a miƙe, ya jiƙa zanen sulun da ya ɗaura. Hanyar banɗaki ya kasa ganowa. Ashe tun da ya makance, kukan katakon ƙasa ne jagoransa: mai ƙara a bakin ƙofa, mai lotsawa kusa da kicin. Tayil ɗin da muka sa a madadin katakon kuwa ko'ina ɗaya yake a ƙafarsa. Lokacin zaɓensa muka yi ta musu a kan launi, ni fari, kai ruwan ƙasa, ba wanda ya tambaye shi.

Na bi sawun tsofaffin katakan har cocin da aka kai su. An riga an hura wutar gashin naman Lahadi da su.

Don Allah in mai tayil ya zo, kada ya taɓa ɗakin Baba. Nan kaɗai ya rage masa.

Kada ka ce za ka lallashe shi, na gwada. Hannuna kawai ya riƙe, ya ce, "'Yata, yaushe za mu koma gida?"

Ƙanwarka,
Litiana