Ki Zo Da Mama Tudun Somló

Tudun Somló, 3 ga Satumba

Zuwa ga Hajnalka, asubar rayuwata, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, mai muryar da ta fi ruwan maɓuɓɓuga daɗi a kunne.

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Mama. Wasiƙarki ta same ni ranar Talata ina tsakiyar wanke ganguna, sai da na goge hannu a wando kafin na buɗe. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kin ce in haƙura. Kin ce shekarunki arba'in da shida, ga aikin jinya a Győr, ga uwa da ɓarin jikinta ya shanye tana kan keken guragu, ni kuma gidana a rataye yake gefen tudu kamar sheƙar tsuntsu, matakala talatin da takwas daga hanya zuwa ƙofa. Kin ce in nemi wadda ba ta da nauyi a kanta. To, na ji. Amma ban yarda ba, kuma hankalina kwance nake rubuta miki wannan, kamar wanda ya duba sama da safe ya san yau rana za ta fito.

Kin tuna zuwanki na farko? Ku tara ne daga asibiti, kun cika mini rumbun giya da dariya. Na zuba muku farar giyar juhfark, inabin nan da ake wa laƙabi da wutsiyar tunkiya saboda yadda nononsa ke lanƙwashewa. Kowa na yabo don kunya, ke kuwa kika kurɓa, kika yamutsa fuska, kika ce kamar kin lashi dutse bayan ruwan sama. Ƙawarki ta mintsine ki. Ba ta san shekara ashirin da biyar ke nan ina jiran wanda zai faɗi haka ba! Ai gaskiyar tudun nan ke nan: baƙin dutsensa ne ke shiga saiwa, ya hau cikin inabi, ya fito a kofi da ɗan gishiri-gishiri da tsami mai wanke baki. Tun ranar na san harshenki bai iya ƙarya ba. Ya za a yi in yarda da wasiƙar da hannunki ya rubuta alhali zuciyarki ba ta sa baki ba?

Sai kuma Yulin bara, da la'asar, lokacin da hadari ya taso daga wajen tsaunukan Bakony. Muka tsaya a ƙofar ɗakin matse inabi muna kallon ƙanƙara tana yayyaga ganye, tana fasa inabin da na yi wata shida ina lallaɓawa. Minti goma kacal. Da ta tsaya, na zauna a dokin ƙofa ina kallon ɓarnar. Ba ki ce mini sannu ba. Kin shiga ciki, kin fito da almakashi biyu da bokiti, kin ajiye ɗaya a cinyata.

"Tashi, Ambrus. Wanda ya fashe a cire shi kafin ya ruɓar da 'yan uwansa. Kuka sai mun gama."

Kwana huɗu muka yi muna tsinta, ƙwaya bayan ƙwaya, hutunki duka ya tafi a nan, rana ta ƙona miki wuya, yatsunki suka yi kanta. Ganga goma sha biyu na saba samu, uku na samu. Amma wace irin uku! Jiya na ɗebo kaɗan, launinta kamar hasken safiya a kan karan alkama, ƙamshinta na zuma da ɓawon lemo. Na kai wa Goggo Teréz maƙwabciyata, wadda ta haura tamanin kuma har yau yaro take kirana. Ta kurɓa, ta dube ni ta saman tabarau.

"Yaro, wannan ba aikinka kai kaɗai ba ne. In ka bari matar nan ta kuɓuce maka, duk tudun nan babu sakarai kamarka."

Macen da ta ɗaga ni daga dokin ƙofa ita ce yau take ce mini ita nauyi ce? Haba, Hajnalka, furen zuciyata, raɓar da ke sauka a kan ganye kafin zafi ya taso! Idan na bi tsakanin layukan inabi da safe, na hango hazo ya kwanta a kwari, ƙauyuka suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya, ƙararrawar coci tana tasowa daga ƙasa, sai in juya in nuna miki, in ga babu kowa sai iska. Wannan ne nauyi. Shi ne abin da na gaji da ɗauka.

Yanzu ki ji abin da na yi, don ba zance kawai na zo da shi ba. Na tuge layi biyu na inabin da mahaifina ya dasa da hannunsa, ta saman gida. Ban ɓoye miki ba, da na ga saiwoyin a fili sai da idona ya ciko. Amma yanzu mota tana zuwa har bakin ƙofa, babu matakala ko ɗaya. Ɗakin ƙasa mai kallon kudu na kwashe kwalaben da ke ciki, na shafe shi da farin fenti, na faɗaɗa ƙofar. Idan gari ya yi garau, Mama za ta hango tuddan da ke bakin tafkin Balaton tana kwance. Asibiti kuwa akwai a Ajka, tafiyar minti ashirin.

Ba zan yi miki alƙawarin sauƙi ba. Lokacin sanyi laka tana kai wa idon sawu, ƙanƙara kuma za ta iya dawowa ba sallama. Abin da na yi alƙawari shi ne hannuna. Hannun da ke juya ganga zai iya ɗaga Mama daga gado zuwa keke safe da yamma, in kin koya mini yadda ake yi ba tare da na ji mata ciwo ba. Ki sa ni a gaba ki yi ta gyara mini, ba zan gaji ba.

Ranar ashirin ga wata za mu fara girbi. Kafin nan, Asabar mai zuwa, zan zo Győr da baƙar kwat ɗina, in zauna gaban Mama in nemi aurenki a bakinta. Idan har a'a ce amsarki, ki dubi tsabar idona ki faɗa, zan saurara. Amma na san ki, kuma na san Mama ta gaji da kallon bangon ɗakinku na bene na huɗu. Ki haɗa mata magungunanta da bargon nan nata mai ruwan toka, ko na kwana biyu ne ta zo ta gani da idonta. Na riga na cire ɗaya daga kujerun bayan motata don kekenta ya shiga.

Naki ne ni yau da gobe, har ranar da za a kwantar da ni a gindin tudun nan,

Ambrus