Tulun da Muka Rufe a Kufai

Paris, 9 ga Fabrairu, 1996

Yaya Ari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da Zaliha da yara. Yaya ƙafar Inna? Lambunmu na kwari ya yi kyau bana?

Ni lafiya lau nake, karatu yana tafiya. Sanyi ne kawai, da ɗan tari wanda bai kai a gaya wa Inna ba.

Ranar Asabar malaminmu ya kai mu wani kantin kayan tarihi, don mu ga abin da ake kwashewa daga ƙasashenmu. A bayan gilashi na ga tulun nan mai zane a wuya, wanda bakinsa ya ɓalle gefe ɗaya. An rubuta wai ba a san asalinsa ba. Ni na sani. Shi ne wanda ruwa ya tono a kufan tsohon birni kusa da Gidigir, muka mayar muka rufe da hannunmu. Mu biyu ne kaɗai a wurin, Yaya. Ranar da ka raka ni tashar Gure ka ce, "Je ka yi karatunka, ni zan tsare maka wurin."

A kan kufan nan nake rubuta kundina, don a san an taɓa yin birni a wajenmu. In an tone sauran, ka gaya mini gaskiya kafin in kawo malamaina baɗi.

Ban faɗa wa kowa ba. Ka gaishe mini da Inna. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Bukar